Fitila ta Bakwai daga Hagu

Baƙon ya zo daga Daegu da kyamara mai ƙafa uku,
ya kwana biyu bisa dutsen tsibirinmu na Ulleung,
sanyi ya cinye masa kunne, ya sauko da hoto guda.
Ya ce, "Madam Pyo, sama ta yi.
Amma dubi ƙasa. Fitilun nan sun ɓata mini dare.
Cire su duka. Na kalanda ne, watan tara."

Na duba, kuma da gaskiyarsa.
Taurari kamar gishirin da ya zube a baƙin faranti,
Kaza da 'ya'yanta can gefe suna kiwo,
sai a gindin sama, inda ruwa ya haɗu da duhu,
jiragen masunta goma sha ɗaya a jere,
kowanne da ƙwan lantarki sittin ko fiye,
fari fat, suna kiran kifin nan
mai hannu goma da tawada a ciki,
wanda haske ke ruɗawa har ya rungumi ƙugiya.

Shekara tara ina wannan aiki.
Ka ɗebo duhu daga inda ya yi yawa,
ka shafa shi inda babu.
Ɗan koyo ne ke zuba baƙi zalla.
Dare yana da tsaki a jikinsa,
da shuɗi-shuɗi, da ɗan ja kusa da ruwa;
in ka liƙa masa duhun da ba nasa ba
zai tsaya kamar faci a gwiwar wando.
Kuma fitila ba ta mutuwa ita kaɗai:
sai ka bi hazon da ta hura wa sama,
ka bi jelar da ta ja a kan teku.

Na ɗaya ya nutse ba ƙara.
Na biyu, na uku. Linzami na ta ƙyas-ƙyas.
Na shida ya ba ni wuya, ya jingina da gajimare.

Na bakwai daga hagu na ƙara wa girma,
sai ga ɗigon kore a ƙarshen layin fari.
Na san ƙwan.
Yayana Deok-pal ya saye shi da araha a Pohang,
na yi masa tsiya, ya ce kifi bai san tsada ba.
Cikin ɗigon nan da bai kai ƙwayar shinkafa ba
akwai butar shayi mai lotsattsen gindi,
da rediyo mai tari, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa,
da Sukirno, yaronsa ɗan Jawa, mai amai duk daren farko,
da bashin man dizal na wata huɗu.

Na tashi na dafa ruwa. Na bar shi ya huce.
To, na riga na karɓi rabin kuɗi.
Shafa uku, ya tafi.

Da hantsi baƙon ya dawo, ya tafa hannu:
"Kamar ba a taɓa halittar mutum ba!"
Sai ya matso da ido, ya sa yatsa a kan ruwan,
inda wani siririn zare kore ke kwance,
ba komai a samansa.
"Inuwar wane tauraro ce wannan?"
Na ce ban san sunayensu ba.
Ko mantuwa ce, ko hannuna ne ya ƙi, har yau ban bincika ba.
Ya biya, ya kama jirgin ƙarfe ɗaya.

Da la'asar Deok-pal ya farka,
ido jawur, fuska a ƙone kamar wanda ya yini a gona.
Akwati huɗu kacal ya samo jiya.
Yana ɗaure takalmin roba ya ce, "Ke me kika kwana yi?"
Na ce, "Kashe fitilu."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Da kin haɗa da nawa, da na samu barci."
Ya ɗauki kwanon abincinsa ya gangara Jeodong.